Zanen Yatsun Inna

Sau bakwai na'urar ta ƙi Inna. Ina tsaye a bayan kujerarta ina ƙirgawa, domin ni mutum ne da in raina ya soma ɓaci sai in kama ƙirge-ƙirge. Ta ɗora yatsu huɗu na hannun dama a kan gilashin, 'yar fitila ta kawo ja. Ta ɗora na hagu, ja. Ta haɗa manyan yatsu biyu, nan ma ja. Ma'aikaciyar ofishin fasfo ta goge gilashin da ƙyalle, ta ce, "Mama, ki ɗan danna." Inna kuwa ta danna har sai da na ji wa gilashin tsoro, don hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana matse barguna ba abin wasa ba ne.

Na leƙa fuskar kwamfutar. Babu komai sai baƙin tabo guda huɗu a jere, sumul, ba layi ko ɗaya.

"Mama, wace sana'a kike yi?" in ji ma'aikaciyar.

"Wankau, 'yata. Da guga."

Ta gyaɗa kai kamar wadda ta riga ta san amsar. "Muna ganin irin haka. Masu wanki, magina, masu aikin siminti. Sabulu da dirza sun cinye zanen yatsunki." Sai ta juyo gare ni, don ta ga alamar ni ne mai shirin tayar da jijiyar wuya. Ta ce za ta ba mu wata ranar nan da mako biyar. In an dace, shi ke nan. In na'urar ta sake ƙi, sai an kawo takardar likita, a tura fayil sama, a zauna jira, kuma wannan hanyar takan ci wata uku zuwa huɗu.

Wata huɗu kuwa ba mu da shi. Ƙanwata, wadda duk gida muke kira Auta, tana aure a wata ƙasa mai nisa, shekara tara ke nan. Ciki biyu sun zube mata, wannan na ukun ne ya zauna, kuma likita ya kwantar da ita ya hana ta ko ɗaga bokiti. An riga an sa ranar da za a yi mata aiki a ciro jaririn, saura mako tara. Mijinta ya gama duk takardun da ake nema a can, fasfo kawai ake jira. Ita kuwa magana ɗaya take maimaitawa a waya: "Yaya, ni dai in farka in ga Inna a kaina."

Daga ofishin ban kai Inna gida ba, shagona na wuce da ita. Gyaran wayar hannu nake yi, a wani ɗan shago da mutum uku ba sa iya juyawa a ciki, kuma ina da gilashin ƙara girma mai fitila wanda nake duba 'yan hanyoyin wuta na cikin waya da shi. Na ce ta ɗora yatsa a ƙarƙashinsa.

"Yau kuma ni za ka kwance, Injiniya?" Haka take kirana in tana son ta yi min ba'a.

Ban yi dariya ba. Shekarata arba'in da biyu, da hannun nan aka yi min wanka, da shi aka ciyar da ni, da shi aka ja min kunne, amma ban taɓa tsayawa na kalle shi ba sai ran nan. Kan yatsan ya yi santsi yana ƙyalli kamar bayan cokali. Tsagu ne kawai a jiki, wasu sun warke sun yi fari, wasu bakinsu a buɗe ja-ja. Na bi goman ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke. Na kashe fitilar.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowane mai gaggawa zai yi. Na shiga kantin magani na sayo man shafawa mai ƙaton kwali, ƙamshinsa har titi. Inna ta shafa sau ɗaya, ya shiga tsagun ya yi mata raɗaɗi, ta mayar da murfi ta ce in kai wa matata.

Kwana biyu bayan haka wani magini ya kawo wayarsa, ta faɗa cikin kwaɓin siminti. Ina gyara ina mita, shi ko yana saurare. Da na kai aya sai ya baje tafin hannunsa a kan teburina. "Nawa ma sun taɓa gogewa tas, har wayata ta daina gane ni. Ka je bayan masu facin taya, ka tambayi Tsoho mai tatsar mai."

Na je ni kaɗai, da niyyar in karɓo kwalba in juyo. Tsohon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ina hannun?"

"Yana gida, Baba. Ai na yi maka bayani."

"Ka yi. Amma ni ba na ba da mai da labari. Ka kawo hannun."

Na fita ina huci, ina cewa a raina yau ga mai sayar da mai ya zama likita. Washegari dai na kawo ta, don ba ni da wata dabarar.

Shagon ɗaki ne mai zurfi, ƙofa ɗaya, taga ɗaya can sama. Kana shiga sai ƙarar masu faci ta koma baya, wani ƙamshi mai nauyi ya tare ka, na ridi da kwakwa da wasu 'ya'yan itatuwan da ban san sunansu ba. Buhuna a jingine, bakin kowanne a naɗe. A kan wani katako da aka kafa a bango kwalabe ne jere, ba takarda a jikin ko ɗaya, hasken tagar yana ratsa su: wani ruwan zuma, wani kore-kore, wani fari ya daskare. A tsakiyar ɗakin akwai injin matsa na hannu, tsohon ƙarfe da aka ɗaure a kan gungumen icce, mariƙinsa ya sha hannu har ya yi haske.

Tsoho ya ba Inna kujera kusa da ƙofa, ya ce ta baje hannuwanta a kan cinya. Bai taɓa ta ba. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ce ta kife, ta kife, ya ce ta dunƙule, ta dunƙule.

"Baiwar Allah, da garin sabulu kike wanki, kuma kina zuba bilic a fararen kaya. Da dama kike dirza, a kan bayan hagu. Dutsen gugarki kuma mariƙinsa ya taɓa karyewa."

Inna ta dube ni, wai ko ni na faɗa masa. Ban faɗa ba, ni ban ma san mariƙin dutsen gugar ya taɓa karyewa ba.

"An naɗe shi da waya," in ji ta.

"Ga shaidar wayar nan," ya ce, ya nuna wata kanta a gindin yatsunta.

Daga nan ya ɗebo farin ridi kwano guda, ya tsince shi a faranti, ya busa, ya zuba a bakin injin. Bai soya ba. Na tambaya, ya ce na ci ake soyawa don ƙamshi, na fata ba ya son wuta. Ya kama mariƙi ya soma juyawa a hankali, a hankali, har abin ya fara ba ni haushi. Na ce ya kawo in taya shi, ai na fi shi ƙarfi.

"Shi ya sa ba zan ba ka ba," in ji shi. "In ka yi sauri ƙarfen zai ɗau zafi, man ya ƙone tun bai fito ba."

An yi kusan minti biyar ba abin da ya fito sai ƙarar ridi yana fashewa a ciki. Sannan ɗigo ɗaya ya taru a bakin mazurarin, ya yi nauyi, ya faɗa kofi. Wani ya biyo shi. Can sai ya zama siririn zare mai ruwan gwal, ba ya yankewa. Na sha cin ridi tun ina yaro, busasshen abu ne da yake maƙale wa mutum a haƙori, ban taɓa kawo wa raina cewa wannan ruwan yana zaune a cikinsa ba. Na ɗauki ƙwaya ɗaya daga farantin na murza, ba laima ko kaɗan. Mu uku muka yi shiru muna kallon kofin yana cika, har Inna, wadda ba ta iya zaman minti biyu ba tare da ta gyara wa wani kuskurensa ba.

Ya tace da ƙyalle, ya haɗa da ɗan man kwakwa, ya zuba a kwalba. A wani ɗan gwangwani kuma ya ba ta wanda aka narka da kakin zuma, na cusawa a tsagu. Na ce, "Baba, kwana nawa zai ɗauka kafin man ya dawo da zanen?"

"Man ba ya dawo da zane," in ji shi. "Wanda duk ya ce maka yana da man da ke zana yatsa, ƙarya yake yi. Zanen yana nan, can ƙasa, inda sabulu bai kai ba. Kullum fata tana tasowa daga ƙasa da zanenta a jiki, ita ce take kankare shi kafin ya iso. Aikin man nan gadi ne. Ya hana fatar bushewa, ya hana ta tsagewa, har ta ƙaraso." Ya juya ga Inna. "Sau uku a rana, hannu na da ɗan danshi, ki ɗumama shi a tafi ki murza kowane yatsa. Sai safar hannu ta auduga. Ki yawaita shan ruwa, don daga ciki fata take ci. Ba sabulu, ba bilic, ba dirza, ba guga."

"Alwala fa, Malam?"

"Ruwa zalla ba ya cin zane. Wankau ne za ki ajiye, wata guda cur."

Da ya ce a cire wa Inna haƙori biyu, ina jin da ta fi saurin amsawa.

Ta sallami masu kawo mata wanki, ta kife bahunan a bayan ɗaki. Matata ta karɓi girki da wanke-wanken gida biyu. Inna ta koma zama a baranda da farar safar hannu, hannuwa a cinya, tana duba shanyar maƙwabta tana tsaki. "Dubi wuyan rigar can. Wai an wanke ke nan." Cikin mako guda na ga ta faɗa, ba ciwon komai, zaman banza ne kawai yake cin ta. In Auta ta kira ta tambayi maganar fasfo, sai Inna ta ce ana kai, ta juya hirar zuwa abin da Autar ta ci yau. Amma man kam tana shafa shi yadda aka ce, gidan duk ya ɗauki ƙamshin ridi.

Kullum in na rufe shago da yamma sai in ɗauko gilashina in biya ta wurinta. Kwana biyar, tsagun suka soma haɗe baki. Kwana takwas, fatar ta yi laushi, ta daina ƙyallin nan, amma fili ne fetal. Na fara tunanin inda zan samo takardar likita. A rana ta goma sha ɗaya na ɗora ƙaramin yatsanta na hagu, na kunna fitila, sai na ga wasu siraran layuka uku a gefe, kusa da farce, sun lanƙwasa tare. Na ɗauka zaren safa ne, na busa. Suna nan.

Na ɗago kai daga gilashin.

"Me ka gani?" in ji Inna.

"Inna, yana fitowa."

"To, ai haka mutumin ya ce," ta faɗa, kamar an ce mata ruwa ya tafasa.

Ni kam abin bai zauna min haka ba. A sana'ata, in hanyar wuta ta kankare a jikin allon waya, ta tafi ke nan, sai dai in yi mata gada ko in nemo wani allon. Babu abin da ya taɓa gyara kansa a kan teburina. Ga shi nan a gabana, kullum layi yana ƙaruwa a kan layi, ba wanda ya riƙe alƙalami. Zuwa kwana goma sha shida na ga da'ira ta soma haɗuwa a kan manuninta na dama, na tsakiyan kuma nasa daban, ya tafi ya yi gwiwa ya dawo. Kowane yatsa da nasa tsarin, kuma kowane layi ya san inda zai bi, bayan shekara talatin da ɗaya ana share shi kullum. Na koma ina duba yatsuna, na duba na matata, na duba na duk wanda ya kawo gyara ya yarda. Tsoro nake ji da daɗi a haɗe, har na rage faɗa da masu kawo waya.

A rana ta goma sha tara na ɗora manunin nan, na ga fili. Na gyara fitila. Da'irar da na bari jiya ta dushe, fatar ta yi fari-fari ta tattare. Na sunsuna hannun. Ƙarƙashin ƙamshin ridi akwai wani ƙamshi da na sani tun ban san kaina ba.

"Inna."

Ta kau da kai tana kallon bango.

Na tashi na tura ƙofar ƙuryar ɗakinta. Ta ɗaura igiya daga taga zuwa wata ƙusa, ga 'yan riguna nan a shanye, da 'yan huluna, da 'yan safa da ba su kai yatsuna biyu ba. Kayan jaririn ne da ta yi wata biyu tana saya ɗaya-ɗaya. A ƙarƙashin gado ga baho, kumfar ma ba ta gama kwanciya ba.

Abin da na faɗa ba zan maimaita shi duka ba. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kwana goma sha tara ta zubar a baho ɗaya. Na ce sababbin kaya ne fil a leda, wa ya ce suna buƙatar wanki. Na ce in ma dole ne, ai ga matata.

"Matarka ɗauraya biyu take yi," in ji Inna.

"To sai me? Inna, ke Auta take jira, ba riguna ba."

Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce. "Kayan kanti hannu nawa ya taɓa su? Ga ƙura, ga sitati, ga maganin da ake fesa musu. Fatar da ba ta taɓa ganin rana ba za a sa wa wannan? Ni ban yi boko ba, ban san maganar likitocinsu ba. In na je can ba abin da zan iya yi mata. Wannan kaɗai na iya. Kana so in je mata hannu rabbana?"

Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma daga ni har ita mun san saura kwana goma sha biyu.

Washegari muka koma wurin Tsoho. Na zaci zai yi faɗa, har ina ɗan so ya yi, ya taya ni. Ya duba hannun kawai, ya ce, "Hagu bai ji jiki sosai ba. Dama kuwa, ban sani ba. Wataƙila ya kai, wataƙila bai kai ba, ba ni nake turo shi ba." Sannan ya tambaye ta, "Kin gama wanke kayan?"

"Saura rabi."

"Kuma za ki wanke, ko na hana ko ban hana ba."

Inna ba ta musa ba.

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Kai mai gyara, ba ka da hannu ne?"

Haka aka yi na rufe shago ranar Asabar, na tsuguna a gaban baho a tsakar gida, ƙato da ni, gemu har da furfura. Inna tana kan kujera da safar hannunta tana ba da umarni. Ba a matse rigar jariri kamar tsumma. Ba a haɗa mai launi da fari. Ɗinkin ciki ake fara bi, nan datti ke ɓuya. Ɗauraya biyar, kuma ta biyar sai an ɗebi ruwan a kofin gilashi an ɗaga shi a rana an duba. Sau biyu ta sa na sake daga farko. Kafin la'asar bayana ya ƙage, kan yatsuna sun tattare suna zafi, a wankin yini ɗaya tak na kayan da duka ba su cika jaka ba. Ta sa na miƙa mata riga ɗaya, ta kai hanci, ta ce, "Ba laifi." A bakin Inna wannan lambar yabo ce.

Da na ɗauraye hannuna sai ta turo min kwalbar da ƙafa, ba ta ko dube ni ba. Na shafa, ban yi gardama ba.

Ana gobe za mu koma ofis na biya wurin Tsoho in ƙaro mai, don ina so a yi mata shafa mai yawa da safe. Ya girgiza kai. "Gobe kada ta shafa komai. Man nan zai cike layukan, gilashi ya ga baƙin tabo kawai. Ta wanke da ruwa zalla ta tsane. Kada kuma ta danna, ta ɗora kamar mai taɓa goshin yaro ta ji ko da zazzaɓi. In ya ƙi, ta goga yatsan a gefen hancinta sau ɗaya."

"Gefen hanci, Baba?"

"Akwai mai a wurin, daidai gwargwado, bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. Ya fi duk abin da ke cikin kwalaben nan. Shekara hamsin ina tatsa, ban haɗa kamarsa ba."

Ma'aikaciyar nan ce dai muka tarar, kuma ta gane mu. Layi ya miƙe har waje, ana ta fifita da takardu. Ta ce, "Mama, in na samu shida cikin goma, kin wuce."

Hannun dama, yatsu huɗu. Ja. Ta sake. Ja. Na soma ƙirge. Hannun hagu, fitilar ta yi jim, ta kawo kore, huɗu suka shiga. Babban yatsan hagu, kore. Biyar ke nan. Saura babban yatsan dama, wanda ya fi kowanne shan dirza. Inna ta ɗora, ja. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda za a ba haƙuri. Wani a bayanmu ya yi tsaki.

Inna ko a jikinta. Ta ɗaga yatsan ta goga a gefen hancinta, sau ɗaya, ta sauke shi a kan gilashin a hankali.

Fitilar ta kawo kore.

Ma'aikaciyar ta riga ni cewa alhamdu lillahi. Sai kuma ta yi abin da ba ya cikin aikinta, ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Inna. Yatsan ya cika allon, ya kai girman faranti. Layuka sun taso daga gefe biyu, sun zagaye juna, sun sake zagayewa, har suka haɗu a wani ɗan ƙulli a tsakiya. Tabon tsohuwar tsaga ya ratsa ta gefe, layukan sun iso bakinsa, sun tsallake, sun ci gaba a ɗaya ɓangaren daidai inda suka tsaya. Duk kwanakin nan ni nake gani ina ba ta labari, don idonta ba ya kama ƙananan abubuwa. Yau ne ta fara gani da kanta.

Ta matso da fuska. Ta dubi allon, ta dubi yatsanta, ta sake duban allon.

"Wannan nawa ne?"

"Naki ne, Mama. Duk mutanen nan da kike gani har waje, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan, ba mai irinsa."

"Ni kaɗai?"

"Ke kaɗai."

Inna ta ci gaba da kallon allon, leɓenta yana motsi. Na san mutane na jira, ma'aikaciyar ma ta sani, amma ba wanda ya ce mata ta tashi. Har mai tsakin nan ya matso yana leƙe ta kan kafaɗata.

"'Yata," in ji Inna, "jaririn da ba a haifa ba fa? Sai ya fito ake yi masa nasa?"

"A'a, Mama. Tun yana ciki ake gama masa. Yanzu haka yana da su, goma cif."

Inna ta janye hannunta daga gilashin, ta rufe shi da ɗayan a kan ƙirjinta. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Ma'aikaciyar ta buga hatimi, ta ce a dawo karɓar fasfo nan da kwana goma.

A bakin ƙofa Inna ta tsaya, ta ce, "Kira min Auta." Na kira, na kara mata wayar a kunne.

"Ke, ki kwanta ki huta," ta ce. "Ga ni nan zuwa."